Da gaske garkuwar jikin jariri na ƙara ɓata mishi ƙwaƙwalwa in bai yi kuka ba?

Zee_Mabera

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Don Allah likitoci da malaman da ke gidan nan a taimaka min da wani abu da ya ƙi shiga kaina. Ni ɗaliba ce ajin ungozoma, satin nan aka yi mana darasin jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, wanda iska ta yanke mishi lokacin naƙuda. To ni a tunanina abin a fili yake, iska ta yanke ƙwaƙwalwa ta ji rauni, in an farfaɗo da shi ya yi numfashi shi ke nan, abin da ya lalace ya lalace abin da ya saura ya tsira. Sai malamin ya ce a'a, wai babban kaso na ɓarnar bayan numfashi ya dawo take faruwa, awanni har kwanaki, kuma wai har da hannun ƙwayoyin garkuwar jikin yaron shi kansa. Ya ambaci wasu maikurogiliya ya wuce da sauri don lokaci ya ƙure mana.

Abin da nake so in gane, ta yaya garkuwar da Allah ya yi don kariya za ta juyo ta cuci ƙwaƙwalwa alhali ba wata ƙwayar cuta da ta shiga? Kuma an koya mana akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, to ta ina suke bi su shiga? Sannan in dai kumburi ne matsalar me ya hana a yi wa yaron allurar deksa, wato deksametazon mai danne kumburi, tun a ɗakin haihuwa kowa ya huta? A yi min da Hausa don Allah, turancin littafin ne ya ƙara rikita ni.

Likitan_Jarirai_Skt

Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya taɓa kwanan aiki a ɗakin jarirai ya ga abin da idonsa ko da bai san sunansa ba. Za a kawo yaro daga ɗakin haihuwa an matsa mishi ambu, jakar nan ta hura wa jariri iska, ya dawo, launinsa ya gyaru, har dangi sun fara barka a waje, sai cikin dare ko washegari ya fara jijjiga, baki na tsotse-tsotse ba nono, ido ya ƙafe, ya ƙi kama mama. Uwa ta ce ai jiya lafiyarsa lau me kuka yi mishi. Ba abin da aka yi mishi, zango na biyu ne ya iso.

Ga yadda abin ke tafiya. Lokacin da jini da oksijin suka yanke, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun rasa makamashi, wasu su mutu nan take, waɗannan kam sai haƙuri. In an farfaɗo da yaron sai a samu ɗan lafawa na kimanin awa 6, ƙwayoyin da suka jigata amma ba su mutu ba suna ta ƙoƙarin miƙewa. Daga nan zuwa kwana 2 ko 3 sai abu ya sake rushewa, mitokondiriya da ke samar da makamashi a cikin ƙwaya su gaza, sinadarin gulutamet ya taru tsakanin ƙwayoyin yana zuga su ba hutu har su galabaita, kalsiyam ya kwarara cikinsu, ga kuma oksijin ɗin da ya dawo shi ma yana haifar da wasu burbushi masu cin kitsen jikin ƙwaya, alhali jariri bai gama haɗa sinadaran da ke share su ba. Shi ya sa yanzu in yaro ya cika wata tara da iskar ɗaki ake fara matsa mishi ambu, ba a buɗe mishi oksijin ɗari bisa ɗari tun farko yadda ake yi a da. Kumburin da kike tambaya a wannan zangon yake tashi sosai, sai dai shi ba ya tsayawa a kwana 3, yana iya ci gaba a ɓoye makonni har watanni.

Maganar deksa kuwa, ai an riga an ɗanɗana. A shekarun 1990 an riƙa ba bakwaini deksametazon a satinsu na farko saboda huhu, kuma ya yi aiki ta nan ɓangaren, ana cire su daga injin numfashi da wuri, amma da aka bi yaran bayan sun girma sai aka ga larurar sandarewar jiki da ake kira CP ta fi yawa a cikinsu. Maganin ba ya tantance kumburi mai cuta da aikin ginin ƙwaƙwalwa, duka yake dannewa, ga tada suga da buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Amma kar ki haɗa da deksan da ake yi wa uwa in naƙuda ta taso ciki bai isa ba, wannan daban ne, yana nunar da huhun yaro kuma yana rage zubar jini a ƙwaƙwalwa. Sauran tambayoyin na bar wa mutanen fisiyoloji, na ga Malam Abu na kusa.

Abu_Fisiyoloji

Likita ka jefo min ƙwallo, to bismillah. Malama Zee fara da cire tunanin cewa sai sun tsallaka shinge. Maikurogiliya 'yan gida ne, a cikin ƙwaƙwalwa suke zaune. Wani masani ɗan Sifen, Pío del Río Hortega, shi ya fayyace su wajen 1919, kuma a 2010 aka tabbatar a ɓeraye cewa ba daga ɓargo suke fitowa ba irin sauran fararen ƙwayoyin jini, daga ɗan ƙunshin kwaiduwa na farkon ciki suke tasowa su shige ƙwaƙwalwa tun ciki na 'yan makonni, tun shingen bai rufe ba, daga nan su ci gaba da hayayyafa a can har ƙarshen rayuwa.

Kuma a jariri ba gadi kaɗai suke yi ba, ma'aikatan gini ne. Ƙwaƙwalwa tana ƙera ƙwayoyi da mahaɗai fiye da abin da take buƙata, su ne ke bi suna cinye waɗanda suka mutu, suna datse mahaɗan da ba a amfani da su, suna taimaka wa jijiyoyin jini su tsiro, suna kuma tallafa wa ƙwayoyin da za su naɗe wayoyin jijiya da farin kitsen nan mayelin. Riƙe wannan da kyau don shi ne amsar tambayarki ta uku.

To ta yaya suke tashi ba ƙwayar cuta? Idan ƙwaya ta mutu mutuwar fashewa, kayan cikinta na zubowa waje, ATP, guntayen DNA, wani furotin HMGB1, abubuwan da a ƙa'ida bai kamata a gan su a waje ba. Masu jin ƙamshin da ke jikin maikurogiliya, irin su TLR, su ne dai ke shinshino bakteriya, kuma ba su bambance wannan da wancan sosai, duk alamar haɗari ce gare su. Cikin mintoci zuwa awanni sai su janye rassansu su dunƙule, su nufi wurin, su fara fesa saitokin, wato sinadaran da ke tada kumburi, irin su IL-1 beta, TNF alfa, IL-6, da wasu sinadarai masu guba da aka tanada don kashe ƙwayar cuta. Ba ƙwayar cutar, sai gubar ta sauka kan ƙwayoyin maƙwabta waɗanda dama da ƙyar suke numfashi. Kamar 'yan kwana-kwana ne a gobarar kasuwa, dole a kira su, amma ruwan da suka fesa da bangon da suka fasa don su kai ga wutar sai ki ga ya lalata shagunan da wuta ba ta ma taɓa ba.

Su kuma na waje daga baya suke zuwa. Rashin oksijin da waɗannan saitokin ɗin suna sassauta shingen, jijiyoyin jini su fito da abubuwan da fararen ƙwayoyi ke mannewa a jiki, a kuma saki sinadaran kira. Niyutorofil ne kan fara isowa, a jarirai da yawansu ma ba sa fita, manne wa bangon ƙananan jijiyoyi suke yi su rage gudun jini a wurin da ya fi buƙatarsa. Sai monosait su biyo baya su zama makurofaj, ƙwayoyin T kuma su ne 'yan ƙarshe, a ƙananan ɓeraye an same su a ƙwaƙwalwa watanni bayan raunin. Galibin wannan ilimin daga dabbobi ya fito fa, musamman tsarin Rice da Vannucci na 1981, inda ake ɗaure jijiyar jini ɗaya ta wuyan ɓera ɗan kwana 7 a sa shi cikin iska mai oksijin kashi 8 cikin ɗari.

Abin da ya hana a ce kawai a kashe su: an gwada kawar da maikurogiliya a jariran ɓeraye kafin a toshe musu jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, raunin ya ƙaru maimakon ya ragu, har da zubar jini. Maganin minosaikilin kuma da ke kwantar da su, ya kare ƙwaƙwalwa a jariran babban nau'in ɓeran gwaji (rat) amma a jariran ƙaramin nau'in (mouse) sai ya ƙara ɓarna. Ƙwaya ɗaya ce take fesa guba yau, jibi ita ce mai kwashe gawarwaki da fitar da sinadaran gyara. Ni a ganina duk maganin da zai yi nasara sai ya san ranar da zai shiga da ranar da zai fita, ba wai ƙarfinsa kaɗai ba.

Ɗan_Illela92

Ni ba ɗan asibiti ba ne, direba nake, amma na taɓa gani a Facebook wai a Turai sanyaya irin yaran nan ake yi su warke. To mu da ke cikin zafin Sakkwato, watan Afrilu ana haura digiri 40, ba sai a nemo ƙanƙara ko fiya wata mai sanyi a jera wa yaro a jiki ba? Ai ya fi a zauna ana kallo. Ko dai kayan aikin ne ba mu da su likita ku faɗa mana gaskiya.

Likitan_Jarirai_Skt

Malam Ɗan Illela don girman Allah kar wanda ya gwada wannan, a gida ko a kemis. Abin da ka gani gaskiya ne amma ba da ƙanƙara ake yi ba. Katifa ce mai inji da ke riƙe zafin cikin jikin yaro a kan digiri 33.5 na tsawon awa 72, a fara kafin awa 6 da haihuwa, ana auna zuciya da suga da daskarewar jini, sannan a ɗumama shi a hankali cikin awanni. Gwaje-gwajen Amurka na 2005 da na TOBY a Ingila a 2009 su suka sa ya zama ƙa'ida a can. Sanyin na rage cin makamashi kuma yana rage kaifin maikurogiliya da fitar saitokin, amma ko a can ba kowa yake cetowa ba, da yawa suna mutuwa ko su tashi da larura duk da sanyin.

Sai ga gwajin HELIX da ya fito a 2021, jarirai 408 a Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, a manyan asibitoci masu injin kirki ba wai na ƙauye ba. Sanyin bai rage mutuwa da naƙasa in an haɗa su ba, mutuwa ma ƙaruwa ta yi, kashi 42 cikin ɗari a waɗanda aka sanyaya, 31 a waɗanda ba a sanyaya ba. Har yau ana muhawara kan dalili, wasu na cewa yaran sun daɗe suna shan wahala a ciki tun kafin haihuwa don haka awa 6 ɗin ta riga ta wuce ba a sani ba. A dabbobi kuma an ga in aka fara tada kumburi da gubar bakteriya kafin a yanke oksijin, ƙaramin rashin iska na yin babbar ɓarna kuma sanyin ba ya kare su yadda ya kamata. Ka duba matanmu, doguwar naƙuda a gida, faya ta fashe tun jiya, zazzaɓi a jiki, a iso asibiti a makare. Yanayinmu ya fi kama da na HELIX fiye da na Landan. Ko eritiropoyetin, maganin ƙara jini da aka sa wa rai zai kare ƙwaƙwalwa, gwajin HEAL na Amurka a 2022 ya nuna ƙara shi kan sanyi bai amfana ba.

Amma ka taɓo abu mai muhimmanci, zafi. Zazzaɓi ko ɗumi fiye da kima na ƙara ɓarnar, don haka muna riƙe yaro tsakanin 36.5 da 37.5, ba a naɗe shi da barguna uku da hula a ɗakin da aka hura garwashi, ba a kuma jiƙa shi. A kula da suga kar ya faɗi, a tsayar da jijjiga da fenobabiton, in akwai alamar ƙwayar cuta a fara allurai. Ba zama ake ana kallo ba.

Inna_Sista_Mai_Ritaya

Ɗiyata Zee, ni ban san waɗanga sunaye na Malam Abu ba, amma abin da likita yah hwaɗi na ƙarshe shi na aikinki. Ke ba ki da iko bisa maikuro mi-ne-ne, amma kina da iko bisa abin da ka tada su. Mace taz zaka ta ce ruwa na zuba tun shekaranjiya, kin san in faya tak kai awa 18 da hwashewa to ƙwayar cuta ta samu hanya, ki auna zahin jikinta, ki shinshina ruwan, ki kira likita a hwara magani, kuma ki rage yawan sa hannu kina dubawa, dut shiga ɗaya ƙazanta ta kike turawa. Ki cika fatograf, takardar bibiyar naƙuda, da gaskiya ba bayan an haihu a zauna a zana ba, na san ana yi. Ambu ya zan yana kusa kuma kin gwada shi kahin kai ya hito, yaro bai numfasa ba bayan kin tsane shi kin goga bayanai, cikin minti guda ki hwara matsawa, ba a riƙe shi ƙahwa sama ana mari ba, ba a watsa mai ruwan sanyi ba.

Wajen awo kuma ki matsa ma mata su sha fansidansu su kwana cikin gidan sauro, maleriya na taruwa ga mabiyiya ta hana yaro samun abinci da iska yadda ya kamata. Cibiya a shahwa mata kulohekzidin, jiharmu tun 2013 munka hwara rabon shi tare da misofurostol, maganin hana zubar jini bayan haihuwa, hal ƙauyukka, amma hal yau akwai masu gasa cibiya da tsumma da sa man goge baki. Daga nan ƙwayar cuta ka shiga jini ta hau kai ta zan sanƙarau.

Sai shawara, wadda mutanenmu ka rainawa. Yaro ya yi ɗorawa a ce a shanya shi ga rana a ba shi ruwan gulukos, kwana biyu sai kuka mai tsini da banƙarewa, ita ma ƙwaƙwalwa taka ci. Kuma ku hana su sa kahur cikin kayan jariri, akwai ɗiyan da jininsu ka hwashewa da shi, maza sun hi yawa.

Zee_Mabera

Allah ya saka da alheri Inna, na gode likita, na gode Malam Abu, wallahi yanzu ya zauna. Saura ɗaya, malaminmu ya ce raunin bakwaini daban yake da na wanda ya cika wata tara, shi ma garkuwar ce ke jawo bambancin? Kuma ciwon shawarar da Inna ta ambata tana da alaƙa da maikurogiliya ko hanyarta daban?

Abu_Fisiyoloji

Bambancin ya fi zuwa daga wace ƙwaya ce ke tsakiyar girma lokacin da abin ya auku. Tsakanin sati 23 zuwa 32 na ciki, ƙwayoyin da za su zama masu naɗe jijiya da mayelin ba su nuna ba tukuna, kuma a wannan matakin ba sa jure saitokin da burbushin oksijin ko kaɗan. A daidai lokacin kuma maikurogiliya sun yi dandazo a farin ɓangaren ƙwaƙwalwa kusa da ramukan ruwa, wurin da wayoyin da ke sauka zuwa ƙafafu ke ratsawa. Shi ya sa bakwainin da ya samu rauni sau da yawa ƙafafunsa ne ke sandarewa fiye da hannu. Kuma ba lallai ƙwayoyin su mutu ba, wani sa'in tsayawa suke yi su ƙi ƙarasa nuna, sai mayelin ya yi ƙaranci. A bakwaini kumburin na iya farawa tun daga mahaifa, ƙwayar cuta na cikin faya da mabiyiya ba ta ma kai ga yaron ba amma saitokin sun riga sun bi jini sun isa kai, kuma sau da yawa wannan kumburin shi ne ma ya tada naƙudar tun farko. Wanda ya cika wata tara kuwa aka yanke mishi iska farat ɗaya, can tsakiyar ƙwaƙwalwa da ke cin makamashi da yawa, su talamus da maƙwabtansa, ya fi shan kashi.

Shawara hanyarta daban a farko, bilirubin, sinadarin da ke mai da jikin yaro ɗorawa, shi ne da kansa ke ratsawa ya zauna a wasu cibiyoyi, har da na ji, don haka yaran kan samu kurumta da motsin da ba su iya sarrafawa. Amma a gwajin ɗakin bincike an ga yana tada maikurogiliya su fitar da saitokin iri ɗaya, kuma yaron da dama ya sha rashin iska ko yana da ƙwayar cuta a jini, shingensa ya riga ya sassauta, bilirubin da bai kai yawan da zai cutar da wani ba shi sai ya cutar da shi. Abin da Inna ta ce na kafur ƙarancin G6PD ne, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, ƙarancin gado ne da ke bin kuromozom X shi ya sa ya fi bayyana a maza, kuma yana da yawa a Najeriya.

Wani abu da za ki gani a ɗakin haihuwa, maganiziyam salfet ɗin da kuka sani na jijjigar masu ciki, ana ba uwa shi in za ta haihu kafin sati 32 don rage haɗarin CP a yaron, ko hawan jini ba ta da shi. Likita zai fi ni sanin awo da sharuɗɗan bayarwa, in ya leƙo ya ƙara mana.